Telan da Ya Kasa Zama

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a unguwar Nima da ke Accra kafin kujerata ta gagare ni. Shagona ƙarami ne, a wani lungu mai gangare: keken lantarki ɗaya, tsohon keken ƙafa ɗaya, teburin yanka da dutsen guga. Kaftani nake ɗinkawa da jallabiya, in aiki ya ja baya in karɓi kayan makaranta. Da ido da mazaunai tela yake cin abinci. Ido na san darajarsa tun ranar da na fara sa tabarau. Ɗayan kuwa ban taɓa tunawa da shi ba sai a waccan shekarar.

Saura mako uku Babbar Sallah abin ya fara. Shadda ta taru har ta toshe tagar shago. In na zauna bayan asuba, sallah ce kawai take tayar da ni. Da safe burodi da shayi, da rana garin rogo da sukari, da yamma tsire in mai tsire ya biyo ta lungun. Ruwa ma da gangan na rage sha, don kada fitsari ya riƙa raba ni da keke. Ga kuma gidan da muke haya: ɗaki goma sha huɗu, wurin wanka ɗaya, babu bayan gida. Kowa salgar unguwa yake zuwa, kuma da safe layinta yakan kai bakin titi. In na je na ga layin, sai in tuna wuyan rigar da ban gama ba, in juyo da butata in ce sai anjima. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi.

Ranar da na shiga salgar, na yi yunƙurin da bai kamata ba. Na ji wani abu ya tsage kamar an ja reza a wurin. Na dafa bango. Da na yi tsarki na ga jini ja wur, ba mai yawa ba. Wani yana buga ƙofar kwano yana cewa da yaren Twi in yi sauri. Na fito ina takawa a hankali, na ce a raina mai wuyar ta wuce.

Ashe yanzu aka fara. Kafin in kai shago wani zugi ya taso, ba irin na yankan ba. Wannan mai zurfi ne, kamar wurin ya dunƙule ya ƙi saki. Na zauna a gaban keke, na miƙe zumbur. Na sa matashi, na zauna a kan cinya ɗaya, na sake miƙewa. Na durƙusa, na jingina da tebur, na kifa ciki a kan tarin shadda. Duk yadda na ajiye jikina bai yarda ba. Sai na ja ƙofar shago na kama tafiya.

Tafiya ba ta kashe zugin, amma tana raba hankali. Nakan bi ta kasuwar Nima in ratsa masu hatsi da masu kayan yaji, in fito babban titi, in miƙe har unguwar Maamobi, in juyo ta wasu lunguna da rabona da su tun ina yaro. Wani lokaci awa biyu, wani lokaci uku, har sai wurin ya gaji ya saki don kansa. A Zango kuwa, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ba a tafiya ba dalili. Kowane kwana sai wani ya ɗaga murya.

"Masta, ina zuwa da rana tsaka, ga Sallah ta matso?"

"Zare zan saya."

Don kada a kama ni da ƙarya, sai in saya ɗin. Farin zare ya cika aljihun teburina, har yau ban gama da shi ba.

Kullum haka. In na fita bayan gida da safe, rabin yinin ya tafi. Sai na fara jin tsoron fitar, tsoron fitar ya sa na fara jin tsoron cin abinci. In na riƙe kwana biyu sai abin ya ƙara tauri, ya ƙara yaga inda ya yaga. Na san ina cutar kaina, amma da na hango ƙofar salga sai in juya da butata.

Ni dai na yanke wa kaina hukunci cewa basir ne. Duk wanda ya ga jini a can, basir yake cewa. Na je tashar Circle wajen masu magani da lasifika, na tsaya nesa kamar mai jiran mota, ina sauraron wani yana lissafa cututtukan da kwalbarsa take warkarwa. Da jama'a suka ragu na matsa na karɓi ɗaya, na cusa a aljihu. Baƙin ruwa ne mai ɗaci. Na sha kamar yadda ya ce. Washegari cikina ya ɓarke, sau biyar ina zuwa salga, kowane zuwa kamar ana zuba barkono a kan yanka. Na zubar da sauran a kwata. Maƙwabcina a shago, wani dattijo ɗan Nijar da ya yi shekaru yana dakon albasa a kasuwar Agbogbloshie kafin ya buɗe ɗan tebur, ya lura da yadda nake tsayuwa. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo mini man kaɗanya a leda ya ce, "Masu zama a kan buhu a bayan mota kwana huɗu suna amfani da shi." Na shafa. Ya ɗan sanyaya fatar, amma zugin na ciki ko gezau.

Sallah ta zo ban gama kaya bakwai ba. Na kai su wajen wani abokin sana'a, ya taimaka da huɗu, uku suka kwana. Ban taɓa saɓa wa mai kaya ranar Sallah ba sai a shekarar. A filin Idi, da liman ya fara huɗuba kowa ya zauna, ni na sulale na koma baya na tsaya cikin masu sayar da ruwa. A gida ga naman layya ana soyawa, ƙamshi ya cika tsakar gida, ina kallonsa kamar abokin gaba.

Matata tana sayar da kayan miya a Maamobi. Mace ce da ba ta gaggawar magana. Kwana uku bayan Sallah, yara sun tafi gidan kakarsu, ta kawo mini tuwon zafi ta ajiye a tabarma, ta zauna. Na ɗauki kwanon na ɗora a kan akwati, na fara ci a tsaye.

"Maigida, yau kwana nawa kana cin abinci a tsaye?"

"Bayana ne ke ciwo."

"Bayanka." Ta gyara zama. "Ni nake wanke wandunanka."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Shekara goma sha tara muna tare, 'ya'ya huɗu, amma na kasa kallonta.

"In ka fita, kamar ana yanka ka da kwalba? Bayan nan ya yi ta zugi har azahar?"

Na juyo. "Wa ya gaya miki?"

"Ni ma na yi shi. Bayan haihuwar na biyu. Wata huɗu."

"Wata huɗu? Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Kai ka faɗa mini?"

Na tuna lokacin. Na tuna ina yi mata faɗa wai ta cika zirga-zirga da jariri a baya, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta ce a asibitin awo wata nas ta gane, aka ba ta magani. Ta ce jini a wannan wurin ba abin da ake yi wa hasashe ba ne, sai wanda ya sani ya duba. Ta ce gobe ba za ta fita kasuwa ba, za ta raka ni. Na ce a'a, zan je ni kaɗai. Ta ce to, amma in na dawo in nuna mata katin.

Akwai asibiti kusa da mu, amma rabin ma'aikatansa sun san ni. Na shiga trotro, ƙananan bas ɗinmu na haya, na tafi can wani gefen gari inda na tabbata babu ɗan Zango. A trotro ba a tsayuwa. Na zauna a gefe guda na jikina, na riƙe ƙarfen kujerar gaba, kowane rami sai na ɗaga kaina sama. Matar da ke kusa da ni ta yi ta harara ta.

Likitan saurayi ne, bai kai ƙanena na uku ba. Da Turanci da Twi muka yi magana. Na yi ta kewaye-kewaye, ina maganar ciki da baya, har ya ajiye biro ya ce, "Baba, a ina jinin yake fita?" Na faɗa. Ya sa na kwanta a gefe na naɗe gwiwa. Na zuba wa bango ido, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Bai daɗe ba, kuma bai tura komai ciki ba, ya ce ya ga abin da yake nema.

Ya ce ba basir ba ne. Tsagewa ce a fatar bakin dubura, ƙarama, ba ta kai tsawon farce ba. Na ji haushin ƙanƙantarta. Ya zana mini zobe a takarda, ya ce akwai tsoka a wurin mai kama da wannan zoben. In fatar ta tsage sai tsokar ta ɗaure saboda zafi, in ta ɗaure jini ba ya isa wurin sosai, in jini bai isa ba ciwon ba ya warkewa. Man da zai rubuta mini aikinsa ya sassauta tsokar, ya buɗe hanyoyin jini. Ba maganin kashe zafi nan take ba ne. Sau biyu a rana, mako shida zuwa takwas.

"Takwas?"

"Takwas. Kuma zai iya sa maka ciwon kai."

Na ce ina ruwan kai da can ƙasa? Ya yi dariya ya ce jini ɗaya ne yake zagaya ko'ina. Ya auna jinina, ya tambayi ko ina da ciwon zuciya. Sannan ya rage murya ya ce, "Kana shan maganin ƙarfin maza? Na kemis ko na kwalba?" Na ce a'uzubillahi. Ya ce ba zargi ba ne, dole ya tambaya, don in aka haɗa su da wannan man jini yakan faɗi ƙasa warwas, mutum ya sume.

Na ɗauki takardar na je tagar karɓar magani. Wata budurwa ce da hijabi a ciki. Ta karanta, ta ɗago, ta ce da Hausarmu ta Zango, "Baba Masta, sannu. Ina gajiya?"

Na so ƙasa ta buɗe. 'Yar wani alhaji ce da nake yi wa ɗinki, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Na tsallake rabin Accra don in faɗo hannunta. Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ta zagayo ta kira ni gefe inda babu kowa, ta yi magana kamar maganin tari take bayani.

"Baba, kaɗan za ka matsa, kamar ƙwayar wake, ko yadda aka nuna a jikin kwalin. Kada ka ƙara wai don ya yi sauri. Ka sa safar hannu ko ka naɗe yatsa da leda mai tsabta, don in ya shiga ta fatar yatsa ciwon kan zai ƙaru. A bakin wurin za ka shafa, da ɗan ciki kaɗan, a hankali. In ka gama ka wanke hannu, ka ɗan kwanta, kada ka miƙe da sauri. In kan ya dame ka, ka sha farasitamol kafin ka shafa. Zai iya ɗan yi maka zafi ko ƙaiƙayi da farko. In ka ji kamar za ka sume, ko jini ya yi yawa, ka dawo, kada ka jira. Kuma Baba, ko ka ji sauƙi kada ka daina."

Na ce, "Alhaji..."

"Aikina ne, Baba. Abin da ya shigo nan, nan yake tsayawa."

Ban yarda ba a lokacin. Makonni ina leƙen fuskar mahaifinta a masallaci, ina jiran wani murmushi ko wata gaisuwa mai tsawo. Ban ga komai ba.

Matsalar farko ita ce wuri. Ɗaki da falo gare mu, mutum shida. Salga ba wurin da za a yi wannan ba ne. Wurin wanka kuwa da safe bokitai ne a jere a ƙofa, kowa yana ƙirga mintin na ciki. Matata ce ta tsara. Bayan asuba sai ta tura yaran duka sayen koko da ƙosai a wajen mai kokon da ta fi nisa, wai nata ya fi daɗi, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana tsince alayyafo. Da yamma in sun tafi makarantar allo, haka.

Ranar farko na matsa, na ga kamar ƙwayar waken ta yi kaɗan ga irin azabar da nake sha, na ƙara rabi. Ledar da na naɗe yatsa ta zame, ban damu ba. Wurin ya ɗan yi ɗumi. Na kwanta ina jiran sauƙi. Abin da ya zo ba sauƙi ba ne. Kafin a yi minti ashirin sai na ji kamar an sa mini hula ƙarama ana ja mata zare. Jijiyoyin gefen kaina suka fara bugawa, ɗaya bayan ɗaya, har cikin ido. Na manta duk bayanin da aka yi mini, na ce shi ke nan, hawan jini ne irin wanda ya kayar da mahaifina. Na miƙe da sauri in kira matata, ɗakin ya juya, na kama labule, labulen ya biyo ni ƙasa da sandarsa.

Ta shigo ta same ni a zaune a ƙasa, labule a kaina.

"Nawa ka shafa?"

Na nuna mata da yatsa.

"Wannan waken ƙasar wa ne?"

Ta ba ni ruwa da farasitamol, ta jiƙa tsumma ta ɗora mini a goshi. Bayan kamar awa ɗaya bugun ya lafa. Da yamma na tsaya da kwalin a hannu na fi minti goma. Ga ciwo a ƙasa, ga maganinsa yana kawo wani a sama, kuma ni da hannuna zan zaɓa. Na shafa daidai yadda aka ce, da safar hannu. Kan ya yi ciwo, amma bai kai na safe ba.

Kwanakin farko ban ga wani amfani ba, sai ma ciwo biyu maimakon ɗaya. Nakan tashi daga kwanciyar da kai mai nauyi, in je salga, in dawo da zugi, in kama tafiyata. Na fara zargin likitan, na ce yaro ne. Matata ta canza tukunyar gida gaba ɗaya: miyar ayoyo, kuɓewa, ganyen gwaza, wake, gwanda kullum da safe. Yara suka yi ta ƙorafi. Ta ba ni bahon wankinta in riƙa zama cikin ruwan ɗumi bayan na fita. Mutum mai furfura a gemu, a tsugune cikin bahon roba, yana kallon silin. Amma wannan ruwan shi ne abu na farko da ya sa tsokar ta ɗan saurara mini. Na kuma gano cewa wajen ƙarfe goma salga babu kowa, ba mai buga ƙofa, sai na mayar da fitata lokacin.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai, maganar tsarki. Man yana ɗan taɓa wando, ga shi wani lokaci da ɗigon jini. Bayan la'asar na tsaya har masallaci ya watse, na matsa kusa da liman, tsoho ne da ya san mahaifina.

"Malam, wani abokina ne yake da lalura."

Na yi bayani. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce man magani ba najasa ba ne. Abokin ya wanke abin da ya gani, ya sake alwala, ya ware wando na sallah in zai iya, abin da ya fi ƙarfinsa kuma Allah bai ɗora masa ba. In zaman tahiya yana cutar da shi, ya zauna yadda jikinsa ya yarda. Na yi godiya na miƙe.

"Ka kuma gaya wa abokin naka," in ji shi, "ya daina gudu da an yi sallama. Ya tsaya a tsaye ya yi tasbihinsa, ba wanda zai tambaye shi."

Aiki kuwa ba ya jira. Na kira kafinta ya ɗaga teburin keken lantarki a kan bulo huɗu, ya ƙara wa sandar fedar tsawo. Na koma ɗinki a tsaye, ƙafa ɗaya a kan feda. Kwana biyun farko layina ya yi ta karkacewa, na farke ya fi a ƙirga. Masu kawo ɗinki suka tambaya, na ce sabon salo ne, likitoci sun ce zama yana kashe baya. Wani ma ya ce zai gwada a ofishinsa.

Wajen kwana na goma na lura zugin bayan fita ya ragu daga awa uku zuwa ƙasa da ɗaya. Ciwon kan ma ya yi laushi, bai tafi ba, amma ya zama kamar baƙon da aka saba da shi. A mako na uku na fita wata safiya ban ga jini ba, ban ji reza ba. Na tsaya a cikin salga ina jira, babu abin da ya zo. Na dawo gida ina gaishe da mutanen da ban ma sani ba.

A nan na yi wauta. Na ce tunda ƙasa ta yi shiru, me zai sa in ci gaba da saya wa kaina ciwon kai? Na tsallake na safe. Babu abin da ya faru. Na tsallake yini guda. Bayan kwana huɗu na jefa kwalin a bayan akwati. Matata ta ci gaba da tura yara sayen koko, ni kuma ina kwance a ɗaki ina latsa waya, ban gaya mata ba. A ƙarshen makon aka yi suna a Sabon Zango, na ci soyayyen nama da waina kamar mai ramuwa. Na koma shayi da burodi saboda wani ɗinkin biki da ya matso.

Kwana tara ya ɗauka. Safiyar da ciwon ya dawo, a wuri ɗaya ya tsage, kuma na rantse ya fi na farko. Ban ma iya zuwa gida ba. Na bi titi na miƙe, na wuce Maamobi, na wuce inda na saba juyowa, ina tafiya ina zagin kaina a zuci, gumi yana shiga idona. Ban san inda zan je ba. Na tsaya a wata gada ina kallon motoci, na juyo, na sake komawa. Sai bayan azahar na shiga gida. Matata ta dube ni, ta shiga ɗaki, ta ja akwati, ta ɗauko kwalin. Ta riga ta san inda yake.

"Na ga man ya daina raguwa," in ji ta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na koma wajen likitan ina jiran wulaƙanci. Bai yi ba. Ya ce zafi yakan tafi tun fatar ba ta gama haɗewa ba, shi ya sa mutane da yawa suke dainawa a daidai inda na daina. Na ce masa gaskiya ciwon kan ne ya gundure ni. Ya ce ai da na dawo na faɗa, akwai wani man daban mai aiki iri ɗaya wanda bai cika sa ciwon kai ba, sai dai wasu yakan sa musu ƙaiƙayi. Ya rubuta shi. Ya ce ƙirga zai koma daga ɗaya. In wannan ma bai yi ba, akwai allura da ake yi wa tsokar, akwai kuma ɗan ƙaramin aiki.

Kalmar aiki ita ta riƙe ni a makonnin da suka biyo. Ni da nake yanka shadda kullum ba na son jin an ambaci almakashi kusa da jikina. Na ɗauki allin tela na fara jan layi a bayan ƙofar shago, biyu kowace rana. Sabon man bai taɓa kaina ba, amma ƙaiƙayin ya zo kamar yadda aka faɗa, a mako na biyu, irin wanda ba dama ka sosa a gaban mutane. Nakan tsaya ina auna wa mutum kafaɗa ina motsa ƙafa kamar mai jin kiɗa. Na kira likitan, ya ce in babu ƙuraje ko kumburi in daure, in riƙa busar da wurin a hankali bayan tsarki. Bayan kwanaki ya lafa.

Mafi wuya shi ne mako na biyar zuwa na takwas, lokacin da ba na jin komai. Ciwo yana tuna wa mutum magani. In babu shi, sai gajiya: a kori yara, a rufe ƙofa, safar hannu, kwanciya, wanke hannu, a sake da yamma. Kullum zuciyata tana cewa ya isa. Duk da haka kowace safiya da fargaba nake shiga salga, ina sauraron jikina kamar mai sauraron keken da ya fara wani sabon ƙara. In na ji ɗan tsini kaɗan sai yinin ya lalace, in yi ta kai da kawo tsakanin shago da bakin lungu.

Ranar da na cika mako takwas na koma. Ya duba ya ce tsagewar ta haɗe. Ya ce akwai ɗan tsiron fata da ya rage a bakin wurin, ba abin damuwa ba ne. Ya ce zai iya dawowa in na koma halina na da, kuma in ya dawo kada in sayi man da kaina, in zo a duba. Na tambaye shi yaushe zan daina jin tsoro. Ya ce wannan ba ya cikin abin da ake rubutawa a takarda.

Ina sauka daga mota a Nima hadari ya haɗu. Kafin in kai lungunmu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwatoci suka cika suka fara amai a hanya. Na tarar ruwa ya shiga shago har idon sawu, ledoji da bawon lemo suna yawo a ciki. Na tuɓe takalmi na fara kwashe kaya daga ƙasa ina ɗorawa a kan tebur. Dattijon nan maƙwabcina ya shigo da bokiti biyu, muka yi ta kwarfa, muna zubarwa yana dawowa. Sai da aka kira la'asar ruwan ya tsagaita. Yawancin kayan sun tsira, amma wata farar shadda yadi goma ta wani ango ta sha laka har ta canza launi. Na wanke ta sau uku a famfo, ba ta fita ba. Na shanya ta a igiya, na canza riga, na tafi Maamobi in gaya wa angon da bakina kafin ya ji a wajen wani.